Renon Dashen Kabeji da Zaɓen Irin da Zai Jure Cuta

Ɗan ƙaramin kamfani gare ni na renon dashe. Muna sayo iri, mu shuka shi a tire cikin rumfa, mu yi ta lallaɓa shi har ya fitar da ganye huɗu ko biyar, sannan manomi ya ɗauka ya dasa. Kabeji ne mafi yawa, sai farin kabeji da burokoli. Ban ruwa da jera tire kowa zai iya koya. Abin da ke hana ni barci shi ne zaɓen iri, domin ranar da na zaɓa, ranar na yanke cutar da gonar mutum za ta iya ɗauka da wadda za ta kayar da ita.

Waɗannan kayan lambu uku, duk da bambancin kamanninsu, tsiro ɗaya ne, wanda masana ke kira Brassica oleracea. Ɗan'uwansu na daji har yau yana tsirowa a duwatsun gaɓar teku a Ingila da Faransa. Manoma suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓe, wani ya bi mai dunƙule kai, wani ya bi mai fure. To kowane zaɓe yana barin wani abu a baya, kuma mai neman kai mai nauyi ba ya ganin ƙwayar gadon da ya zubar a hanya.

Cutar da na fi tsoro ita ce baƙin ruɓa. Bakteriya ce mai suna Xanthomonas campestris, kuma a cikin iri take tafiya, abin da ya sa mu masu reno muke kan gaba wajen yaɗa ta ko tare ta. Da sassafe za ka ga ɗigon ruwa jere a bakin ganye, wanda tsiron ya fitar da kansa cikin dare. Ta ƙananan ƙofofin da wannan ruwa ke fitowa take shiga. Bayan kwanaki sai rawaya ta fara daga gefen ganye tana tsukewa zuwa ciki kamar harafin V, idan ka ɗaga ganyen ka duba shi a rana jijiyoyin sun yi baƙi. Tire ɗaya ya kamu, ruwan da ake fesawa ta sama zai raba wa makwabtansa. Shi ya sa duk irin da bai zo da shaidar gwaji ba sai mun jiƙa shi a ruwan zafi mai digiri 50, minti 25 ga kabeji, minti 20 ga farin kabeji da burokoli, ma'aunin zafi yana cikin ruwan, idona yana kansa. Ya wuce kaɗan iri ya mutu, ya gaza kaɗan cuta ta tsira.

Wannan cuta nau'i-nau'i ce, kuma na 1 da na 4 su suka fi yaɗuwa a duniya. Abin takaici, su ne kabeji ya fi rauni a kansu. Juriya mai ƙarfi tana wajen dangi, irin su baƙin mastad da mastad ɗin Habasha. Tun 1935 masani ɗan asalin Koriya, Woo Jang-choon, ya zana yadda jinsuna shida na wannan dangi suke da alaƙa, amma dangantaka ba ta sa aure ya yi sauƙi ba. Kabeji yana da tagwayen kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 9, baƙin mastad yana da 8, don haka idan an haɗa su ɗan yakan mutu tun yana cikin kwanso, sai an ciro shi an rene shi a ɗakin gwaji. Shekaru ake yi kafin a samu abin da zai shiga fakiti.

Manomi zai zo ya ce, "Malam, ba ni wanda ba ya kamuwa da cuta." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, wace cuta, kuma me ka shuka a gonar bara da bara waccan?" Wasu sukan ɗauka jan rai nake yi. Dalilina shi ne abin da ya faru da cutar kumburin saiwa, wadda masanin Rasha Mikhail Woronin ya bayyana sanadinta a 1878. Tana kumbura saiwa har tsiro ya kasa shan ruwa, ka gan shi ya yi yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, kuma ƙwayoyinta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 15. An samo juriyarta daga tanif ɗin da ake ciyar da dabbobi a Turai. A lardin Albata na Kanada an fara ganin cutar a gonakin kanola, wani dangin kabeji da ake matsar mai daga irinsa, a 2003, irin da ke jure ta ya fito a 2009, manoma suka rungume shi, zuwa 2013 an samu gonakin da cutar ta karya shi. Shekara huɗu kacal. Kusan kowa ya dogara da tushen juriya ɗaya, sai 'yan ƙwayoyin cutar da suka iya tsallake shi suka samu fili suka hayayyafa.

Akwai kuma labarin da nake so, na cutar rawayar kabeji da wani naman gwari mai suna Fusarium ke haddasawa. A jihar Wiskonsin ta Amurka, masanin cututtukan tsiro L. R. Jones ya shiga gonakin da cutar ta cinye, ya tsince 'yan tsirarun da suka rage a tsaye, ya tara irinsu, har aka fitar da irin kabeji mai suna Wisconsin Hollander a 1916. Daga baya wani masanin, J. C. Walker, ya nuna juriyar iri biyu ce: ɗaya ƙwayar gado guda ce ke riƙe da ita, ɗayar kuwa ƙwayoyi da yawa ne, kuma takan yi rauni idan ƙasa ta ɗau zafi. Jones ya samu abin tsinta ne domin kabejin wancan zamani ba kai ɗaya ba ne, kowane tsiro da ɗan bambancinsa. Irin F1, wato 'ya'yan farko na auren iyaye biyu da aka zaɓa, da muke sayarwa yau kamar an buga shi da hatimi yake, yana nuna lokaci guda, abin da manomi ke so ke nan, amma idan ɗaya ya faɗi duka sun faɗi.

Don haka ba na yarda in cika rumfata da iri ɗaya, ko da shi ake rububi. Nakan ɗauko daga kamfanoni daban-daban, in tambaye su tushen juriyar, domin sunaye biyu a fakiti kan iya zama gado ɗaya a ciki. Mai babbar gona nakan roƙe shi ya raba ta iri biyu ko uku, ya kuma huta da dangin kabeji na wasu shekaru a filin da cuta ta taɓa. Wannan yana ƙara mini aiki, ga lakabi, ga rajista, ga iri mai tsiro da wuri da mai nawa a rumfa ɗaya.

A gefe kuma ina da ɗan fili, nesa da rumfa, inda nake shuka tsofaffin iri masu barbara a sake. Kansu ba ya daidaita, ba kuma mai sayensu da yawa. Idan cuta ta ratsa filin nakan kafa tsinke kusa da duk wanda ya rage kore, in bar shi ya yi fure, in adana irinsa a kwalba mai murfi tare da takardar shekara da cutar da ya tsallake. Manyan rumbunan iri, kamar na Sibalbad a Norwe da aka buɗe a 2008, suna yin wannan da faɗi. Nawa kwalabe ne a kan kanta, kuma duk mai aikin inganta iri da ya nema ina ba shi kyauta.