Tsarabar Baba daban take

A ƙauyukanmu na kewayen Kura, yawancin masu zuwa wajena gara ce take kawo su, ko biki, ko suna. Amma aikin da na fi yi da marmari shi ne na 'ya'yan da ke son kai wa mahaifinsu wani abu: wadda za ta je ganin gida daga ɗakin miji, ko ɗan da ke aiki a Abuja ya bugo waya gab da Sallah, ko wanda surukinsa ya dawo daga aikin Hajji. 'Yan boko ma sun ƙaro mana wata rana, wai ta iyaye maza, Lahadi ta uku a watan Yuni. Ba na musu da su tunda ciniki ne, ko da yake Baban da za a kai wa bai san da zamanta ba.

Kafin in ɗora tukunya sai na yi tambaya uku. Yaya haƙoransa? Yana da ciwon suga? Yana da majalisa a ƙofar gida? Ta ukun ce take ba mutane dariya, alhali ita ce babba. Dattijo a ƙauye ba ya cin abu shi kaɗai. Da an ajiye masa kwano zai buɗe, ya sa albarka, ya ce a miƙa wa liman, a ɗibar wa maƙwabci, sauran a fito da shi bayan la'asar lokacin da abokansa suka hallara a kan tabarma. Daɗinsa yana wajen ya ce, "Bismillah, yarinyar nan ce ta aiko." Saboda haka abin da za a kai masa dole ya zama mai rabuwa, mai jure ajiya.

Shi ya sa nake hana mutane katon kek mai ado da rubutu a kai. Na iya shi, ina kuma yi wa amare. Amma a zafin bazara, a gidan da babu firji, kafin ɗan acaɓa ya kai shi adon ya narke, kuma Baba ba zai nemo wuƙa ya tsaya yanka ba. Cikin gida zai tura wa jikoki. In dai kek ake so, ƙanana nake yi na gwangwani, da ƙwai isasshe da bota, suga kaɗan, yadda zai shiga da shayin safe. A tukunya nake gasa su, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kuma har yau ban ga abin da injin gashi na lantarki ya fi wannan da shi ba, musamman a garin da wuta sai ta ga dama. Gireba ma haka, ita da take narkewa a baki ba sai an tauna ba.

Sarkin kwanon dai alkaki ne. A wajen Goggona na koya, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta yi wa rabin amaren garinmu gara. Ba ta yarda da awo da kofi ba, tafin hannu ne ma'auninta. Takan zaunar da ni in yi ta murza ɓarzajjiyar alkama da mai har hannuna ya yi zafi, sai ta ɗebo ta dunƙule, in ya tsaya bai warware ba ta ce ya yi, in ya warware ta turo min ƙwaryar ba tare da ta ce uffan ba. Alkamar kuwa ba ma zuwa nesa nemanta. Ta Kadawa ce, wadda ake shukawa da sanyin hunturu da ruwan madatsar Tiga, a girbe ta kafin zafi ya kankama. Ina saye a hannun manomi, in tsince, in wanke, in shanya, sannan a ɓarza min ita, ba a niƙa ta yi laushi ba. A kwaɓa da ruwan tsamiya a rufe ta kwana. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe tsamin, a mulmula, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu, sannan a tsoma a dafaffen suga da aka matsa wa lemon tsami don kada ya daskare ya yi fari. Na dattawa da zuma nake gamawa. Alkakin da ya amsa sunansa, in ka ɓalla shi za ka ga zaƙin ya ratsa har tsakiya, kuma ba ya wahalar da haƙori.

To ga masu ɓata mana suna. Su kwaɓa fulawa zalla, su soya da man da ya sha suya har ya yi baƙi, su zuba sakarin, su jera a faranti a tasha su ce alkaki. Kwana biyu ya yi tauri kamar tsakuwa. Sai mai saye ta zo min da farashinsu a baki: "Haba Hajiya, a rage mana, a tasha fa rabin haka ne." Nakan ce mata, "Ƙanwata, Baba za ki kai wa ko 'yan tasha?" Masu kawo zuma su ma sai an sa ido, don akwai mai dafa suga ya haɗa ya rantse daga amya ya ɗebo. Mutum ɗaya nake saye a hannunsa yanzu, in ba shi da ita gara in ce babu.

Wanda haƙora suka yi masa sallama, nakiya ce tasa. Garin shinkafa da aka soya sama-sama, a daka da man shanu da zuma da citta da kanumfari da masoro har ya haɗe. Tana watanni ba ta lalace ba, ya gutsura ko a dama masa da nono. Mai ciwon suga kuwa ba na yaudarar 'ya'yansa da cewa ta zuma ba ta komai, zuma ma zaƙi ce, dabino ma haka. Shi dambun nama nake yi masa, na kaza ko na sa, a daka shi ya yi laushi. Kilishi yana da daɗi, amma aikin matasa ne.

Akan tambaye ni abin da za a haɗa da kwanon. Hula tana da kyau in an san lambar kansa. A saci tsohuwar a je da ita kasuwar Kurmi ta Kano, don hular da ta yi masa yawa ƙaninsa ne zai gaje ta. Turare marar ƙarfi na zuwa masallacin Juma'a, darduma mai kauri saboda gwiwa, fulas na shayi, fitila mai caji da rana, goro in yana ci. Shadda kuma a haɗa da kuɗin ɗinki, in ba haka ba za ta shekara a akwati.

Mai son na Sallah ta yi magana tun da saura mako. Ana gobe Sallah ba na karɓar aikin alkaki ko nawa za a biya, don ƙullin sai ya kwana, kuma ba na aika wa uban wani da wanda bai tashi ba.