Wasiƙa daga Manchester: na koma wa jirgin waya da furfurata

Assalamu alaikum, jama'ar gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Mu nan sai godiya, sanyi ne dai ya fara leƙowa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan bidiyo da 'yata ta tura gida, inda aka gan ni a tsakiyar fili ina ta juyi a wuri ɗaya, hannu a miƙe, wani abu yana ƙugi yana kewaya ni. Har an bugo waya ana tambayar ko lafiya. Lafiya ƙalau. Wani wasa ne da na koya a nan Ingila tun ina ɗalibi, aiki da hidimar yara suka raba ni da shi, yanzu da na ajiye aiki na koma masa.

Ƙaramin jirgin sama ne da mutum ke haɗawa da hannunsa, yawanci da wani katako maras nauyi da ake kira balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi. Yana da inji na gaske da farfela, amma babu rimot. Wayoyin ƙarfe biyu sirara, masu tsawon mita 15 zuwa 20, su ne suka taso daga mariƙin da ke hannunka suka shiga ta bakin fiffiken hagu. A cikin jirgin suna haɗe da wani ɗan faranti mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, shi kuma yana tura wani tsinken ƙarfe da ke ɗaga faifan jela ko ya sauke shi. Ka karkato hannu sama, jirgi ya hau. Ka karkatar ƙasa, ya sunkuya. Ba ka da ikon hagu ko dama, ba ka da totur, ba ka da birki. Idan inji ya tashi, to kuna tare har sai man tanki ya ƙare, kamar minti biyar ko shida, kana juyawa da shi ta hannun hagu, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa biyar.

Wanda bai taɓa riƙewa ba zai ce ai wannan ba tuƙi ba ne. Ni kuwa a nan daɗin yake. Mai rimot da ido kawai yake tuƙi. Mai waya yana jin jirginsa a tafin hannu, kamar yadda mahayi ke jin bakin doki a linzami: in iska ta buge shi ka ji, in inji ya fara shaƙewa ka ji kafin kunnenka ya gaya maka, in waya ta yi sanyi ta saki, gabanka ya faɗi, domin a wannan lokacin ba kai ke da jirgin ba. Saboda gudun haka ne ake lanƙwasa jelar tsaye ta kalli waje kaɗan, a kuma binne ɗan guntun dalma a bakin fiffiken dama, don jirgin ya riƙa ja yana neman tserewa daga da'irar. Wannan jan shi ne rayuwarsa.

Asalin abin daga Amurka ne, jihar Oregon. Wani mai suna Jim Walker shi ya yayata shi da jirginsa Fireball a 1940, ya kuma yi rajistar fasahar da sunansa, har sauran kamfanoni suka riƙa biyansa. Daga baya aka je kotu da Leroy Cox, mai ƙera ƙananan injinan nan na Cox .049, sai ta bayyana cewa wani Oba St. Clair ya riga shi tashin irin wannan jirgi tun 1937. Sunan kamar na sarkin Yarbawa, amma Bature ne, shi ma ɗan Oregon. Daga nan kasuwa ta buɗe, jiragen roba na Cox suka cika gidajen Amurka, a nan Ingila kuma yara suka tashi da kwalayen kayan haɗa jirgi na kamfanin Keil Kraft. Da rimot ya yi araha sai jama'a suka watse can, aka bar tsirarun masu taurin kai.

Su na tarar da na koma. A Barton, nan gefen Manchester, akwai kulob da ke da da'irori na musamman don wannan wasa, kuma mafi yawan waɗanda za ka gani a irin waɗannan filaye sa'o'ina ne ko yayyena. Ba a yi mini tambayar ina na shige duk shekarun nan ba. Wani dattijo ya karɓi jirgina ya juya shi, ya ɗora shi a kan yatsu biyu ya gwada inda nauyinsa ya faɗa, ya ce jelar ta yi nauyi, in ƙara dalma a hanci. Sannan ya saƙala sikeli a mariƙin ya ja wayoyin da ƙarfi, don in za su tsinke su tsinke a ƙasa. Da ya gamsu sai ya durƙusa ya riƙe mini jirgin. Wasa ne da ke son mutum biyu: kai kana tsakiya, ɗan'uwanka yana riƙe da jela har sai ka ɗaga masa hannu ya saki.

Hannu bai manta ba, wannan ya ba ni mamaki. Kai ne ya manta. Tashin farko, tun kafin tanki ya kai rabi bishiyoyi suka fara gudu, ina sauke jirgin na zauna daɓas a ciyawa, hajijiya irin wadda rabona da ita tun ta dandali. Maganinta shi ne ka kafa ido a kan jirgin, kada ka kalli abin da ke bayansa, kuma ka fara da rabin tanki. Bayan 'yan makonni ta tafi. Gwiwa ce dai ta ƙi sulhu.

Ta da inji kuwa sha'ani ne mai zaman kansa. Nawa tsohon Fox .35 ne, ƙirar da ta fito tun ƙarshen shekarun 1940, kusan cc 6. Mansa haɗin metanol ne da man zurman da ɗan nitiro. Za ka ɗura tanki, ka toshe bakin shan iska da yatsa ka juya farfela har mai ya hau, ka maƙala batir a kan fulogi ya yi ja, sannan ka fyaɗa farfelar. Wani lokaci ya kama nan take, wani lokaci ya yi maka tari ya mayar da farfela baya ta sare ka. Da muna ɗalibai da yatsa tsirara muke yi, tabon yana nan. Yanzu da guntun sanda mai roba nake bugawa. In ya tashi sai ka lallaɓa allurar mai kana saurare har muryarsa ta daidaita. Ƙanshin man zurman da ya ƙone yana kama riga ya bi ka har gida, kuma uwargida ta riga ta yanke hukunci a kan inda rigunan fili za su riƙa kwana.

Abin da ya sauya shi ne lantarki. Yanzu da yawa sun koma injin lantarki mai batir da ɗan agogon da ke kashe shi in lokaci ya cika: babu maiƙo, babu ƙarar da za ta sa maƙwabta kai ƙara, kuma ƙarar nan ita ta cinye filaye da dama a ƙasar nan. Na yarda ya fi tsabta, ya fi tabbas. Ban dai saya ba tukuna.

Ga masu son gasa, hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta kasa shi manyan gidaje huɗu. Akwai na gudu, inda waya ke da tsawon mita 17.69 don zagaye tara ya zama kilomita ɗaya cif, kuma injin cc 2.5 kacal yana kai kilomita 300 a awa. Akwai tsere na mutum uku a da'ira ɗaya, kowa da makanikensa mai cafke jirgi ya ɗura mai ya sake shi. Akwai na faɗa, mutum biyu, kowane jirgi na jan doguwar takarda a jela, kana neman yanke ta abokin karawarka da farfela cikin minti huɗu, wayoyi na sarƙewa, jirage na rugujewa. Ni nawa shi ne na gwaninta: tuƙi a kife, da'ira, murabba'i, kusurwa uku, siffar lamba takwas, kana fitowa daga kowace a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A kife komai yana juyewa, sama ta zama ƙasa, kuma a nan ne ƙasa ke karɓar rabonta na balsa. Shi ya sa na fara da Ringmaster, tsohuwar ƙira mai jikin allo guda, wadda in ta fashe gam da dare ɗaya sun ishe ta.

Ina rubuto muku ne musamman saboda yaran nan namu masu ƙera mota da jirgi da karan dawa da gwangwani da silifa. Nakan ga bidiyonsu, wasu har jirginsu yana tashi, kuma kullum abin da ke tsayar da su kuɗin rimot ne. Wannan hanyar ba ta buƙatarsa. Kwalin roba irin na allon talla ya isa fiffike, filawud siriri ya isa jiki, sifokin keke ya isa tsinken jela, ga ƙaramin injin lantarki da batir. Ƙaramin jirgi ma zaren kamun kifi mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa ya riƙe shi. Yaron da ya haɗa ɗaya ya fahimci ma'aunin nauyi da aikin fiffike da hannunsa, tun kafin ya ji sunayensu a aji, ko a Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya in Allah ya kai shi.

Sai dai malaman makaranta da iyaye, ku tsaya a kan abu biyu. Kada a kuskura a tashe shi kusa da wayar wutar lantarki, ko da an ɗauke wuta; mutane sun rasa rayukansu ta haka, domin wayar ƙarfen tana hannun yaro ne kai tsaye. Na biyu, a sami babba ya tsare da'irar. Kun san yadda muke: inji na yin ƙara unguwa za ta taru, kowa yana son ya matso ya gani, farfela kuwa ba ta san ɗan kowa ba. A shata layi a ƙasa, a ɗaure mariƙin a wuyan hannu da igiya, a bar iska ta lafa, da sassafe ko bayan la'asar.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Manchester