Ɗan tabki a bakin teku

Duk sanda hirar Abijan ta tashi a fadarmu nan Tawa, sai wani cikin samari ya tambaye ni wai da gaske ne ruwan teku yana tafiya ya dawo. Da gaske ne. Ni ma ban yarda ba sai da ya ci mini takalma da buhun kaya a dare ɗaya.

Gidanmu gidan masunta ne. Mahaifina a tabkin Tabalak yake jefa birgi, can kan hanyar Abalak, kuma tun ban kai kaciya ba na san inda tarwaɗa ke laɓewa cikin laka, na san yadda karfasa ke taɓa ƙugiya. Da na tafi bida Abijan kamar sauran ƴan Adar, aikin da na samu shi ne suyar kifi a rumfar garba ta wani kawuna. Garba dai acake ne, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifin teku da ake kira ton, kuma mutanenmu na Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Kifin daga tashar jirgin ruwa ake saro shi, ban taɓa ganin mai rai ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin fatsa.

A nan na haɗu da wani dattijo, shi ma Ba'adare, wanda ya daɗe a unguwar Por-Buwe ta bakin teku har ya koyi su daga Fantawan Gana da ke zaune a bakin gaɓa. Da dare yake fita, ya tsaya kan duwatsun bakin mashigar Biridi, wadda aka haƙa don haɗa tabkin Ebiriye da teku aka buɗe a 1950. Ƙananan kifaye yake kamawa, sardin da shinshar da ire-irensu, matarsa ta yi banda ta sayar. Na roƙe shi ya ɗauke ni ɗan riƙon fitila, har da cika baki cewa ni ɗan gado ne.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ruwan ga ba na Tabalak ba na."

Na ce, "Baba, ai ruwa ruwa na."

Bai ƙara magana ba. Daren farko na ajiye kayana kan wani busasshen dutse, na yi nisa ina neman wurin tsayawa. Kafin in dawo dutsen ya nutse. Tsohon yana kallo tun farko, bai ce uffan ba, sai da na gama lalube ya ce in zauna in ji.

Abin da ya koya mini a daren shi ne lissafin wata. Teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a kusan kowane kwana, kuma lokacin cikar yana ƙara jinkiri da wajen minti 50 kullum. Idan yau ta cika bayan isha'i, nan da ƴan kwanaki sai tsakar dare. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar sabon wata da daren sha huɗu. Shi bai taɓa riƙe takardar lissafi ba, kwanan watan Musulunci yake ƙirgawa da yatsu ya faɗa maka sa'ar da za a fita, kuma ban taɓa ganin ya kuskure da nisa ba. Abin ya ba ni kunya, don ni watan nan azumi da salla kawai na san yana kawowa.

Fitilar ma da nake riƙewa ashe ba don mu ga hanya ba ce. Haske yana tara wasu mitsi-mitsin halittu na ruwa, ƙananan kifaye su biyo su, mu kuma muna jira. Shi ya sa daren duhu ya fi daren farin wata albarka, don in wata ya haske ko'ina kifin sai ya watsu, fitilarka ta zama banza. Na sha faɗa a kan girgiza ta. Hannu ya gaji, in ɗan motsa, ya daka mini tsawa, "Tsaida wutar ga, yaro, kana kore muna abinci!"

Sai ƙugiya. Na zo da manya irin na tarwaɗa, ina ganin babbar teku sai babban ƙarfe. Ya yi dariya ya ba ni ƙanana, biyar jere a zare ɗaya, dalma a ƙasa, da ɗan guntun jatan lande a kowace. Bakin sardin nawa yake? Kuma in an tashi dole a ɗauraye komai da ruwan pampo, in ba haka ba gishiri ya cinye ƙarfen da tsatsa. Kifin kansa ba ya jira. Tarwaɗa takan daɗe tana numfashi a bokiti ba ruwa, amma waɗannan masu maiƙo ne, in rana ta fito ba su hau wuta ba an yi asara.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi da wasa ba: kada ka ba teku baya. Ruwan wannan gaɓar yana da ja ta ƙasa, kuma igiyar ruwa babba takan zo bayan ƙanana da yawa, daidai lokacin da mutum ya saki jiki. Ni da nake taƙama da iyo a tabki, rannan wata ta share ni har gwiwa ta tsaga a dutse. Tabon na nan. Ya ɗaure mini da rawaninsa yana cewa, "Ka gani? Ba ta san ɗan gado ba."

Damina uku na yi tare da shi kafin in dawo gida. Yanzu kifin Tabalak nake sarowa ina sayarwa a kasuwar Tawa, wani lokaci in kwana can wajen yayana mu shiga ruwa. Tabki ba ruwansa da wata, damina ce ke cika shi, rani ya janye shi. Duk da haka in mun fita da dare sai na ɗaga kai na ƙirga kwanan wata, kuma kayana can nesa da gaɓa nake ajiyewa. Yayana ya gaji da yi mini dariya, yanzu shi ke tuna mini in ɗauraye ƙugiyoyi kafin mu kwanta.