Talata: ƙararraki tara, mutum shida, da sakin layi na 47

Jerin ƙararrakin zaman makonni biyu masu zuwa ya fito daga ofishin magatakarda da ƙarfe 8:30. Tara ne, kowace alƙalai uku za su zauna a kanta. Masu bincike shida gare ni a sashen binciken shari'a na kotun ɗaukaka ƙara, kuma ko da a ce tara na rabuwa shida daidai, ba da ƙirga ake rabon nan ba. Kafin in ba kowa komai sai na ɗaga kowane kundi na duba abu huɗu: yawan shafukansa, yawan dalilan ɗaukaka ƙarar, ko wani ɓangare na cewa kotu ba ta da hurumi, da ko dokar da ake jayayya a kai ta riga ta zauna ko har yanzu tana rawa. Kaurin kundi yana yaudara. A cikin na yau akwai mai shafi kusan 2,000 wanda duk rigimarsa ma'anar sashe ɗaya ce ta doka, kwana uku ya ishe shi. Akwai kuma ɗan siriri mai shafi 310 da dalilai goma sha ɗaya, duk kan yadda alƙalin kotun farko ya auna shaidu. Wannan sai an karanta bakin kowane mai shaida layi bayan layi, mako guda zai ci. Na ba wanda ya fi daɗewa a sashen shi kaɗai, ban haɗa masa da komai ba.

Kafin kowa ya ɗauki kundi, takardar sunaye ta zagaya: masu ƙara, waɗanda ake ƙara, da ofisoshin lauyoyinsu. Mutum ɗaya ya ce ya taɓa aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin. Na sauya masa, na rubuta dalili a littafin rabo, aka rufe masa hanyar shiga fayil ɗin a kwamfuta. Minti biyar ne aikin. Idan aka bari sai bayan hukunci wani ya tono, hukuncin ne zai sha tuhuma, ba shi ba.

Daga 9:30 na zauna kan takardun bayani huɗu da masu bincike suka rubuta wa alƙalan zaman Litinin, waɗanda suka shigo jiya. Ƙa'idarmu ita ce kada takarda ta wuce shafi goma. Shafin farko ya faɗi abin da kotun farko ta yanke, abin da mai ɗaukaka ƙara ke roƙo, da ko an shigar da ƙarar cikin wa'adi. Sauran ya bi batutuwan ɗaya bayan ɗaya. Duk maganar da aka yi kan abin da ya faru sai an sa juzu'i da shafin kundi a gefenta. Duk maganar da aka yi kan doka sai an sa sunan shari'ar, kotun da ta yanke, shekara, da lambar sakin layi. Jimlar da ba ta da ɗayan biyun nan ina zagaye ta da jan biro, komai kyawunta. Alƙali yana da ƙararraki da yawa a gabansa, ba zai bi kowace jimla zuwa tushenta ba. Ya dogara da cewa wani ya bi.

Ta farko da ta biyu sun wuce da ƙananan gyare-gyare. Ta biyun dai ta faɗa ramin da sababbi ke yawan faɗawa: ta shafe shafi uku tana nuna cewa mai shaida na huɗu bai cancanci a gaskata shi ba, kamar mu ne kotun farko. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ga mai shaida ba, ba ta ji inda muryarsa ta yi rauni ba, rubutu kawai take gani. Tun shari'ar Watt da Thomas ta 1947 kotunan da suka gaji tsarin Ingila ke takatsantsan da taɓa abin da alƙalin farko ya gaskata bayan ya ga mai shaida ido da ido. A shari'ar Benmax da Austin ta 1955 aka ƙara fayyace cewa idan magana ta koma kan abin da za a fahimta daga hujjojin da ba a jayayya a kansu, ko daga takardu, to nan kotun sama na iya auna abin da kanta. Saboda haka na rubuta masa a gefe: raba dalilan nan gida biyu, wanne ne kan gaskata mutum, wanne ne kan fahimtar takarda. Na farkon yana da wuyar ci, na biyun ƙofarsa a buɗe take.

Ta ukun ce ta cinye mini safiya.

Takarda ce mai tsabta, wadda ta fi kowa sabunta a sashen ta rubuta. A batu na biyu ta kawo wata magana daga hukuncin kotun da ke samanmu, sakin layi na 47, wadda ta zauna wa mai ɗaukaka ƙara daram. Daram ɗin nan ne ya sa na tsargu. Na buɗe hukuncin kansa. Kalmomin suna nan, babu harafin da ya sauya. Sai na yi ta komawa sama ina neman sunan mai maganar, na same shi a kan sakin layi na 39. Na gangara ƙarshe na karanta umarnin kotu. Alƙalai huɗu sun kori ƙarar, ɗaya ya saɓa musu, kuma sakin layi na 47 nasa ne. Wato abin da aka kawo mana a matsayin doka shi ne ainihin ra'ayin da kotun ta ƙi.

Na kira ta. Na tambaye ta daga ina ta ɗauko.

"Yallaɓai, daga takardar hujjojin lauyan mai ɗaukaka ƙara. Amma na buɗe hukuncin na ga maganar tana nan."

"Ta yaya kika kai gare ta?"

"Na sa kalmomin a wurin nema, kwamfuta ta kai ni."

Nan ciwon yake, kuma ba nata ba ne ita kaɗai. Kotuna da yawa yanzu lambar sakin layi suke bi maimakon lambar shafi. Ingila ta koma haka a 2001. Lambobin suna tafiya ne a jere daga alƙalin farko har na ƙarshe, ba sa komawa ɗaya idan sabon alƙali ya fara magana. Wanda ya nemo kalma da na'ura sai ta jefa shi tsakiyar rubutu, ba ya ganin bakin wa yake ji. Lauyan da ya kawo maganar wataƙila shi ma haka ta same shi, wataƙila kuma yana sane. Ba aikinmu ba ne tantance niyyarsa. Aikinmu shi ne alƙalai uku su shiga kotu ranar Litinin sun san cewa madogarar batu na biyu ra'ayin marar rinjaye ce.

Tunda abin ya taso, na tara su duka shida na minti ashirin, ban ambaci wadda ta yi ba. Na maimaita musu yadda ake buɗe hukunci: a fara daga ƙarshe, a ga wa ya ci, a ƙirga alƙalai nawa suka yarda da wa, sannan a nemi maganar. Taƙaitawar da masu buga rahoton shari'a ke sawa a sama ba ta kotu ba ce, edita ne ya rubuta, ba a ɗauko magana daga cikinta. Sannan a tambayi kai ko maganar ita ce ginshiƙin hukuncin, abin da lauyoyi ke kira ratio, ko kuwa alƙali ne ya faɗe ta a kan hanya, obiter. Gwajin mai sauƙi ne: cire maganar, ka ga ko hukuncin zai tsaya da ƙafarsa. Idan ya tsaya, ba ginshiƙi ba ce.

Mataki na ƙarshe shi ne bin abin da ya sami hukuncin daga baya, kuma a nan nake son ba su misalin Anns da Merton. An yanke ta a 1977, ta yi tashe a shari'o'in sakaci, har kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta juya mata baya a shari'ar Murphy da Brentwood a 1990. Amma Kanada ta ci gaba da gini a kan ma'auninta. Hukunci ɗaya, a nan gawa, a can da ransa. Don haka bai isa a rubuta "an soke" ko "ana bi" ba, sai an faɗi a ina, wace kotu, yaushe.

Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko an yarda a yi amfani da manhajojin nan masu amsa tambaya wajen nemo shari'o'i. Amsata ba ta sauya ba. Ba a zuba musu komai daga kundi ko daftarin hukunci, ko layi ɗaya. Shari'ar da suka ambata kuwa ba ta wanzu ba sai an buɗe ta a rahoto an karanta. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar Mata da Avianca, saboda sun miƙa mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, har da sunaye da lambobi kamar gaske. Su lauyoyi ne, ɗaya ɓangaren ya kama su. Mu babu ɗaya ɓangaren da ke karanta takardarmu.

Ƙarfe biyu shugabar zaman Litinin ta aiko a kira ni. A ƙara ta huɗu mai ɗaukaka ƙara ya shigar da roƙon a karɓi sabuwar shaida, wata wasiƙa da ya ce bayan hukunci ya same ta. Tana son shafi biyu kafin gobe da rana. Sharuɗɗan sanannu ne, suna cikin jawabin alƙali Denning na Ingila a shari'ar Ladd da Marshall ta 1954: shaidar ta kasance ba a iya samo ta lokacin shari'ar farko ba ko da an yi ƙoƙarin da ya kamata, ta kasance za ta iya yin tasiri mai ƙarfi a kan sakamako ko da ba ita za ta yanke ba, kuma ta kasance abin gaskatawa a zahirinta. Yawancin irin roƙon nan a sharaɗin farko suke mutuwa, don haka takardar rantsuwar ce abin dubawa: ina wasiƙar take duk tsawon lokacin, wa ya neme ta, yaushe.

Da zan fita ta ce, "To Malam, kai me ka gani?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, rantsuwar ba ta faɗi inda aka nema kafin shari'a ba. Amma zan sa a rubuto miki mafi ƙarfin abin da za a iya faɗa a madadinsa."

Haka nake so masu binciken su riƙa amsawa, kuma ita ce tarbiyyar da ta fi wuyar shiga. Matashi mai kaifin kai ya kwana biyar da kundi, ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, sai takardarsa ta fara jan alƙali da igiya: hujjar da yake so ta sami sakin layi uku, wadda ba ya so ta sami rabin layi. Ra'ayi ba laifi ba ne, muna da wurinsa a ƙarshen takarda, da alama a kansa cewa ra'ayi ne. Amma ɓangaren da mai bincike ke ganin zai faɗi, shi nake fara karantawa, in ga ko lauyansa zai gane hujjarsa idan ya gani.

Da yamma daftarin hukunci ɗaya ya sauko don dubawar ƙarshe. Wannan mutum biyu ke yi, a ɗaki ɗaya, ɗaya na karantawa da murya ɗaya na bin tushe, kuma takardar ba ta fita ɗakin. Ba ma taɓa dalilan alƙali. Sunaye muke bi, da ranaku, da adadin kuɗi a lamba da a kalmomi, da ko umarnin ƙarshe ya amsa kowane roƙo. Sun sami biyu. A wuri guda an kira wanda ake ƙara na biyu da na uku, saboda jerin sunayen ya sauya tsakanin kotun farko da nan. Na biyun ya fi nauyi: daftarin ya dogara da wani hukuncin kotunmu, alhali akwai wani namu da ya biyo bayansa da ya tafi akasin haka bai kuma ambaci na farkon ba. A tsarin da aka gada daga shari'ar Young da Bristol Aeroplane ta 1944, idan hukunce-hukuncen kotun ɗaukaka ƙara biyu suka ci karo, kotun ce ke zaɓar wanda za ta bi. Zaɓin na alƙalai ne. Na haɗa hukunce-hukuncen biyu, na sa alama a sakin layin da suka rabu, na rubuta layi huɗu a kai, na kai da hannuna.

Takardar bayani ta huɗu ban kai gare ta ba. Mai ita ya leƙo wajen 5:40 ya ce juzu'i na uku na kundinsa ya tsallake daga shafi 611 zuwa 619, kuma a nan ne ake yi wa babban mai shaida tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Na rubuta wa magatakarda a nemo daga kotun farko, na ce wa mai binciken ya sa a shafin farko na takardarsa cewa shafuka bakwai ba su zo ba, kada ya cike gurbin da abin da lauyoyi suka ce yana ciki. Gyararriyar takarda ta uku ta dawo kafin in rufe ofis. Sakin layi na 47 yana nan, an rubuta a gefensa wanda ya faɗe shi da alƙalai nawa suka ƙi, ta kuma ƙara sakin layi na 22 da na 31 daga jawabin masu rinjaye. Na buɗe su duka biyun na duba. Gobe da safe za ta hau sama.