Kafin ka cike fom ɗin soja, zauna mu yi magana

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sababbin sojoji sai ka ga samari sun cika kafe, kowa na rige-rigen cike fom, amma ka tambayi mutum ta wace ƙofa zai shiga sai ya tsaya yana kallonka, shi dai kaki yake so. To ƙanina, ƙofar nan ita ce komai, don ita za ta yanke yadda rayuwarka za ta kasance a bariki, wataƙila har shekara 35.

Akwai ƙofar kurtu, wato ka tafi Daffo, irin na Zariya, wurin da ake horas da ƙananan sojojin ƙasa tun 1924, ka sha horo na kamar wata shida ka fito farabiti, daga nan ka fara bin igiya, las kofur, kofur, saje, har samanja in da rabo da tsawon kwana. Akwai kuma ƙofar hafsoshi, makarantar horas da hafsoshi ta NDA a Kaduna da aka kafa a 1964, wannan sai da JAMB da jarrabawarsu, sojan ƙasa shekara 5 zai yi ya fito da digiri da anini a kafaɗa. In kuma ka riga ka yi digiri ko HND akwai gajeren kwas na hafsoshi, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma malaman addini ta nan suke shiga. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaro na da kiredit masu kyau, shekarunsa ba su wuce ba, amma saboda gaggawa ko wani ya zuga shi sai ya faɗa kurtu, bayan shekara goma abokin da suka zauna benci ɗaya a sakandare ya zo yana laftanar ko kyaftin, dole ya ƙame ya sara masa. Eh ana iya tashi daga ƙaramin soja a zama hafsa, hanya tana nan, amma doguwa ce kuma masu nema sun yi yawa.

Ba raina kurtu nake ba fa, su ne ƙashin bayan aikin. Abin da nake cewa in ta nan za ka shiga, shiga da sana'a a hannu. Direba, kanikanci, walda, wayarin, ɗinki, aikin jinya, kwamfuta, duk soja na buƙata, kuma mai sana'a ana ɗaga masa ƙafa a shekaru, shi har 26, wanda ba shi da ita 18 zuwa 22. Tsawo kuma mita 1.68 ga maza, 1.65 ga mata, ka auna kanka tun a gida kar ka ɓata kuɗin mota.

Fom kyauta ne. Na sake faɗa, kyauta ne. Duk wanda ya ce kawo dubu kaza yana da oga a Abuja zai sa sunanka, ɗan damfara ne, mutane sun sayar da gona da akuyoyi a kan wannan sun tashi a tutar babu. Abin da zai taimake ka shi ne takardunka su yi magana ɗaya, sunan da ke NIN da BVN da sakamakon WAEC ko NECO da takardar shaidar ƙaramar hukuma kar ya saɓa, a nan Muhammad a can Mohammed a wani wurin ranar haihuwa daban, a kan irin wannan ake mayar da mutum gida tun daga layin tantancewa, kuma a jiharka ta asali ake tantancewar. Sai gudu, fara tun yanzu da asuba. In kana taɓa ƙwaya ko sholisho ka sani ana gwaji.

Amfanin aikin kuwa akwai shi, ba ƙarya. Albashin ƙaramin soja ba wani abin a zo a gani ba ne, kar wani ya ruɗe ka, amma yana zuwa duk wata, ga ɗaki a bariki in an samu, ga asibiti kai da iyalinka irin su 44 ta Kaduna, ga makarantun Command da na 'ya'yan sojoji, ga alawus in kana fagen daga. Wanda ya fi duka a ganina shi ne kwasa-kwasai, soja kullum cikin kwas yake, Jaji da sauran makarantunsu, har jami'a gare su a Biu tun 2018, mai wayo yana fita da takardun da zai ci abinci da su bayan ya tuɓe kaki. Wasu kuma sukan dace da aikin kiyaye zaman lafiya a waje, sojojinmu sun je Kwango tun 1960, sun je Laberiya da Saliyo da Darfur, da yawa da kuɗin irin wannan tafiyar suka yi ɗan gini a garinsu. Fansho kuma hukumarsu daban, kuma kafin ritaya akwai cibiyar koyar da sana'a a Oshodi ta Legas.

Amma fa ka san abin da za ka sa wa hannu. Daga ranar ka daina cewa ba ni da lokaci, ba yajin aiki, ba na gaji na tafi, in ka gudu kotun soja ce. Sallah za ta same ka a wani ƙauyen Borno ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai mai yaƙi da Boko Haram ko dajin Zamfara, matarka ta haihu a yi suna ba ka nan sai dai a turo maka hoto in akwai sabis. A Daffo kuwa aski tal kwabo, tsallen kwaɗo, gwale-gwale a rana, kofur ɗin da ƙila ka girme shi ya daka maka tsawa kai kuma sai yes sa, in kana da zuciyar kusa ka fara yi mata magani tun yanzu. Ana rasa rai, ana rasa ƙafa, shi ya sa nake cewa kar ka tafi a ɓoye, ka zauna da Baba da Inna su sa maka albarka da bakinsu.

Sai maganar da samari ba sa son ji, magajin da za ka rubuta a takarda. Mutum ya sa sunan wani yayansa tun yana saurayi, ya yi aure ya haifi uku bai je ya gyara ba, ranar da ta Allah ta kasance sai a bar matar da marayu suna zarya ofis-ofis ana rigima da dangi kan haƙƙinsa. Da ka ɗaura aure ka je ka sabunta fayil ɗinka, ka kuma ajiye kwafin duk takardunka a gida wurin wanda ka yarda da shi.