Ɗan Karen Lasa a Gidanmu na Ƙauye

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, kare da aikinsa aka san shi: ko na mafarauta, ko na Fulani mai bin shanu, ko mai gadin gona. Shi ya sa da ƙanena ya tashi barin Abuja ya kawo mini ɗan karensa, irin wanda 'yan birni ke kira Lasa, tambayar da kowa ya fara yi ita ce me wannan zai tsinana, tunda girmansa bai wuce na ƙaton muzuru ba, nauyinsa kilo 6 zuwa 7, gashi kuma ya rufe masa ido.

Kafin in amsa zan riƙe shi, sai da na je wurin limaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da aka bar mini amana." Ya tunatar da ni hadisin da ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, ya ce malamai da yawa sun shigar da gadin gida cikin abin da aka yi wa rangwame, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. Inna kuwa sharaɗinta gajere ne: "Kada in gan shi kusa da randa ko tabarmar salla." Na kafa masa 'yar rumfa a gefen turken awaki, na ware masa kwanonsa, kuma har yau bai taɓa kwana a ɗaki ba.

Ashe gadin ma gadonsa ne. Asalin irinsa daga Tibet yake, sunan ma na birnin Lhasa ne, kuma can ana ajiye su a gidaje da wuraren ibada domin su yi haushi idan baƙo ya doso. Ba zai iya kama ɓarawo ba, amma kunnensa ba ya barci, motsi kaɗan a bayan danga sai ya tashi gidan duka, kuma tun zuwansa na daina fitowa tsakar dare ina haska awaki da tocila.

Wahalarsa tana cikin gashinsa. Dabbar da aka halitta don sanyin duwatsu, ga ta a inda zafin bazara ke haura digiri 40, dole a rage mata gashi da almakashi tun farkon Maris, amma ba a aske shi ƙwal, domin rana tana ƙona fatar. Da kaka kuwa ƙarangiya ce abokiyar gabarsa. Idan ya bi yara bakin gona sai ya dawo yana ɗingishi, ta cukurkuɗe masa a hammata da tsakanin yatsu, sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya yana 'yar ƙara. Kaska ma a nan take ɓuya, musamman cikin kunne. Maƙwabta sun yi ta ba ni shawarar in shafa masa maganin kaskar shanu, likitan dabbobi ya hana, ya ce ma'aunin da sa zai ɗauka yana iya kashe ɗan wannan, don haka duk maganin da za a ba shi sai an auna nauyinsa tukuna.

Abinci bai ba mu wuya sosai ba: tuwo ko shinkafa da ɗan kifi ko ƙwai. Miyarmu ce ba a zuba masa, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, haka kuma ba a jefa masa ƙashin kaza dafaffe, kuma na ja kunnen yara kan goro da cakulan.

Abin da ba na wasa da shi shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, sannan a maimaita duk shekara; cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na cikin masu sarrafa ta a ƙasar nan. Ƙanƙantar kare ba ta rage haɗarin cizonsa, kuma cutar idan ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Na koya wa yaran gida cewa ko kare ya cije su ko ya yakushe su, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa ba, kamar yadda wasu ke yi har yanzu.

Shi kansa sai an tsare shi, domin bai san ƙanƙantarsa ba, duk karen da ya gani sai ya tare shi da haushi. Da rani, idan mafarauta suka ratso gari da ayarin karnukansu, ɗaure shi nake yi a rumfarsa in rufe ƙofar zaure har sai kiɗansu ya yi nisa.