Kwana biyar a ƙasar Digo

Ban yi niyyar zuwa bakin teku ba. Kwas na je yi a Nairobi, sai wani abokin karatu ɗan ƙabilar Digo daga Kwale, a gaɓar tekun Kenya, ya ce ba zan koma Katsina ba sai na sha ruwan gidansu. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Mombasa, muka haye ta jirgin fito na Likoni, wanda masu tafiya a ƙafa ba sa biyan ko sisi, sannan muka shiga matatu, wato bas ɗinsu ta haya, muka nausa kudu.

A hanya wani mai kaki ya tare mu. Da ya ga koren fasfo sai ya ɗaure fuska, ya yi ta jujjuya shi kamar mai neman kwarkwata, yana tambayar me ɗan Najeriya zai yi a ƙauye. Na ce baƙunta. Ya jefo mini shi ta taga. Na haɗiye, don ni ma na san irin nasu a gida.

Digo ɗaya ne daga ƙabilu 9 da ake kira Mijikenda, suna zaune daga kudancin Mombasa har Tanga ta Tanzaniya, kuma galibinsu Musulmi ne. Ƙauyen abokina yana can bayan Msambweni. Mun isa da la'asar, na ji kiran salla, na ga dattawa da farar riga da hula, har na ɗan manta inda nake. Na durƙusa na ce wa mahaifinsa “shikamoo” kamar yadda aka koya mini, ya ce “marahaba”, ya kama hannuna bai saki ba sai da muka zauna.

Gidajen ne suka tsaya mini a rai. Mu da tubali muke ɗora gini, su kuwa sanduna suke kafawa a tsaye, su gicciya sirara a kai, su ɗaure da igiyar zaren kwakwa, ya zama kamar keji. Sai a kwaɓa jar ƙasa a riƙa cusawa da hannu, wasu su haɗa da ƙananan duwatsun teku. Rufin kuma ganyen kwakwa ne da ake saƙawa a jikin sanda, sunansa makuti, a jera shi ɗaya bisa ɗaya. Da rana tsaka na shiga ɗakin da aka sauke ni, sanyi kamar cikin randa. Maƙwabcinsu da ya samu kuɗi a otal-otal ɗin Diani, wurin shaƙatawa na bakin teku, ya yi na bulo da kwano, amma a ƙarƙashin mangwaro na riƙa ganinsa yana fifita. Na tuna soron kakana da muka rushe da hannunmu muka zuba siminti, yanzu kowane watan Afrilu a tsakar gida muke kwana.

Na tambayi dattijon ko ruwa ba ya cin ginin, ganin damina biyu suke yi a shekara. Ya nuna mini yadda rufin ya sauko ya wuce bango sosai. Makuti yana ruɓewa, ba a musu, bayan 'yan shekaru sai an sake. Gara ma tana ɓarna. To amma kwakwar tana bayan ɗaki, ƙasar tana ƙarƙashin ƙafa.

Rana ta uku na ci sa'a ana yaɓe ɗakin wata bazawara. Ba wanda aka biya. Samari na kwaɓa da ƙafa, mata na ɗebo ruwa, yara na miƙa curi. Gayya ce sak, irin wadda rabona da gani a garinmu tun ina firamare. Na naɗe wando na shiga. Curina na farko ya zame ya faɗo, wata tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta zo ta nuna mini yadda ake dannawa daga ciki da waje a lokaci guda. Ladanmu shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da kifi, da rogo. Na ci har na ji kunya.

Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne matsayin kawu. Duk maganar da ta taso, ta gona ko ta aure, sai abokina ya ce bari a ji ta bakin wan mahaifiyarsa. Ashe suna da dangi ta wajen uwa da suke kira fuko, kuma a da ɗa kan gaji kawunsa ne. Musulunci ya sauya rabon gado, amma girman kawu na nan. Mu da muke cewa dangin uba su ne dangi, na yi shiru kawai.

Sun kai ni Kaya Kinondo, kurmin kakanninsu kusa da Diani. Sai da na cire hula, aka ɗaura mini baƙin zane a ƙugu. Ba a karya reshe, ba a ɗaukar ko ganye. Mai rakiyarmu ya yi azahar tare da mu bayan mun fito. A Katsina da an sha wa'azi a kan wannan, amma dai itatuwan suna tsaye, alhali kewaye duk otal ne.

Farashi kuwa, a ƙauye ɗanyar kwakwa kyauta ake sare maka. A Diani wani ya ce sulai 200, da ya ji na gaishe shi da Swahili ya dawo 50. Masu acaɓa, boda boda a bakinsu, halinsu ɗaya da namu.

Shimoni, wani ƙauyen bakin teku can kudu, ruwan sama ya hana mu gani sosai. Lunga Lunga, iyakar Kenya da Tanzaniya, daga nesa na hango. Ranar tafiya mahaifiyar abokina ta ƙulle mini yazawa da man kwakwa a kwalba, ta ce in kai wa uwargida. Man ya zube a jaka tun kafin Nairobi, har yau fasfona ƙamshinsa yake.